Tsintsiyar Anselmo

A Lima, inda hazon teku ke kwana bisa rufi
ya wuni bai bar rana ta leƙo ba,
Anselmo Huamán ya ajiye tasinsa a karkace,
ya kutsa kasuwar wayoyi, ransa a dagule.

"Duba min ita, Maribel, zafi kamar kaskon suya.
Da asuba na cika ta,
kafin tsakar rana ta suma.
Kuma fa ba sakaci nake ba:
sau ashirin a yini nake danna 'yar tsintsiyar nan,
ta share, ta kashe duk mai motsi a ciki,
ta ce min an sami fili."

Maribel ta tura tabarau kan goshi.
"Kawu, in danja ta tsare ka a titin Abancay,
kashe mota kake, ka zare makulli,
in kore ya kawo ka sake tayarwa?"

"Wa zai yi wannan wauta?"

"Kai, sau ashirin a yini.
Manhajar da ke barci ba ta cin abinci,
tashi daga kabari ne ke shan wuta.
Tsintsiya ta kashe, waya ta tayar,
tufka da warwara,
batir na biyan kuɗin.
Filin da kake taƙama da shi kuwa
kujerar baya ce ba fasinja.
In wata ta yi taurin kai, ita kaɗai za ka ja wa kunne.
Sauran, wayar ta san 'ya'yanta."

Ya yi shiru.
Talatar nan ta faɗo masa:
ƙararrawar maganin hawan jini ba ta buga ba,
saƙon 'yarsa daga Arequipa,
"Baba, naƙuda ta zo,"
ya iso ƙarfe uku na dare,
shi bai gani ba sai da jariri ya sha wanka.

Maribel ta goge tsintsiyar.
Kuɗi ta ƙi karɓa,
ta ce dai ya kai uwarta asibiti ran Asabar.

Da yamma, danja ta tsare shi.
Babban yatsa ya tafi inda ya saba,
bai tarar da kowa ba
sai kunnen jikansa a gefen hoto.
Injin na gunaguni ƙasa-ƙasa.
Ya ƙyale shi.