Akwatin da ke Bin Ƙaura

A Mongoliya, can cikin kwarin Arkhangai,
gidan Tsendmaa na ulu ne, zagayayye kamar faifai.
Sau huɗu a shekara ake naɗe shi a ɗora wa mota,
don haka abu mai nauyi ba ya daɗewa a hannunta.
Talabijin ta bar wa maƙwabta.
Ta riƙe ɗan baƙin akwati, bai fi littafi ba,
mai buɗewa kamar tafuka biyu.

'Yarta Sarangoo ce ta aiko shi daga Incheon,
inda take ɗinka rigunan kujerun mota,
da faifai bakwai a cikin safa,
da 'yar takarda: Inna, ki ba shi rana ya sha.

Farantin sola na jingine da gida,
yana tatsar haske tun hantsi.
In batiri ya ƙoshi, awa huɗu yake kaiwa,
sai dai in sanyi ya cije shi.
Daren da ruwa ya daskare a bokiti,
cikin rigarta akwatin ke kwana,
shi da ɗan ragon da uwarsa ta ƙi.

Ranar ƙaura jikoki ke da shi.
Ulambayar a baya, tsakanin murhu da sandunan rufi,
ƙanwarsa Nomuun ta jingina da buhun cuku.
Ramin abin sauraro biyu ne,
ɗaya naka, ɗaya nata, faɗa ya ƙare.
An jona wayarsa a gaban direba,
mota na ci, shi ma yana ci.
Hanya ba kwalta, ba ma hanya,
sawun tayar wani ne da ya wuce bara.
Mota na tsalle, tukwane na zagin juna,
hoto ko gezau.
Sabis ya gudu tun tudun farko,
faifai kuwa bai taɓa tambayar sabis ba.

Da dare, an kafa gida, yara sun yi barci,
ta zaro na bakwai, wanda ba shi da bango,
an rubuta masa suna da jan alƙalami:
bikin Sarangoo.
Akwatin ya san inda aka tsaya jiya,
ba ya sa tsohuwa lalube.

Minti na sha tara.
Ga Luvsandorj, shekara uku ke nan a ƙasa,
ya ɗaga kwanon nonon goɗiya da hannu biyu,
yana dariya da giɓinsa.
Ta danna, ya tsaya.
Ta murɗa allon, yana juyawa kamar wuyan mujiya,
ta zaunar da shi a arewa, wurin maigida.
Ta zuba shayi mai gishiri kwano biyu,
ta gaya masa goɗiyar nan mai kwalli ta haihu,
kuma ciyawar bana ba laifi.

Faifan ya karce, yana in'ina a minti ashirin da ɗaya.
Ta hura masa, ta goge da bakin hannun riga.
Wani dare ya wuce, wani dare ya ƙi.

Jar fitila ta soma ƙifta ido.
Ta shanye nata, ta shanye nasa,
ta ce, sai gobe, in an yi rana.
Ta rufe murfin a hankali,
ta cusa shi gefen ɗan ragon.