Makuba

Ni magini ne, a Jega an san hannuna.
Katangar Alhaji Sahabi ni na yaɓe ta,
damina goma sha huɗu ta bi ta kanta
ko ɓarɓashi ba ta zubar ba.

Amma daren Talata,
Luba na kwance zazzaɓi ya danne ta,
na kwance wa Ramla famfas
na ga aikin da cebur bai san shi ba.
Ja wur, kamar an goga mata tattasai,
fata ta saɓule a matsematsi,
can lungun da iska ba ta kai gaisuwa.
Ba wuta, fanka ta yi tsaye,
bazara ta zauna mana a ƙirji,
yarinya ta yi kuka har murya ta dishe.

Inna ta leƙo: "A barbaɗa mata hoda."
Maƙwabciya ta katanga: "Toka ma tana yi."
Na yi shiru, na goya 'yata da zanin uwarta,
muka yi ta zagaya tsakar gida har kiran assalatu.

Malama Tumba ta ɗakin shan magani
ta duba, ta miƙo ɗan bututu.
"Man zinki ne.
Wanke ta da ruwan ɗumi, ban da sabulu mai ƙanshi.
Dangwala da tsumma mai laushi, kada ka goge.
Bar ta tsirara ta sha iska kan tabarma,
in ta jiƙa ta, ai tabarma ce, rana na nan.
Sai ta bushe sarai ka shafa,
da kauri, kada ka yi rowa.
In kwana uku ya wuce ba sauƙi,
ko ka ga ruwa, ko jiki ya yi zafi,
dawo min da ita."

Na matsa kaɗan a yatsa.
Fari fat, mai nauyi, ba ya gudu.
Na ce, "Malama, ai wannan makuba ce."
Ta ce, "Me?"
Na ce, "Ba a yaɓa ta kan jiƙaƙƙen bango.
In ta zauna, ruwa ya zo ya wuce, ƙasa na ciki lafiya."
Ta yi dariya har ta dafa tebur.

Ban taɓa yaɓe da yatsa ɗaya ba sai ranar,
ina riƙe numfashi.
Kowane canji sabon shafi,
wanda ya manne ban kankare ba, na ɗora a kai.

Ran Juma'a jan ya koma ruwan hoda, ya ɓace.
Bututun dai bai koma aljihu ba,
yana kan taga kusa da tocila,
don ba a jiran hadari kafin a gyara soro.

Luba ta tashi, ta kama hannuna tana duba farce.
"Siminti ne wannan?"
Na nuna mata Ramla da haɓa,
tana barci ƙafafu a buɗe
kamar kwaɗon fadama.