Sawu a Fadamar Natu

Da asuba muka bar Bakura,
ni da Nomau, tsohon masunci,
takalma a hannu, laka har ƙwauri.

Shekarun baya nan fako ne, in ji shi,
akuya kan ratsa ba ta ko duƙa ba.
Sai samari suka buɗe wa ruwa tsohuwar hanyarsa,
suka dasa giyayya ɗari uku.
Rabi ta kama.

Yau ga bado ya baza faya-fayansa.
Kirinjijiya na ta fito a cikin burgu,
zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya
kamar mai jiran a biya shi bashi.
Guza ya ji motsinmu, tsundum.

Ni dai gauraka na zo gani.
Na miƙa wuya har rana ta take,
matsattsaku biyu suka sha rabonsu a agarata.
Ba ta zo ba.

Muna juyawa Nomau ya tsuguna,
ya aza tafinsa gefen wani sawu
mai yatsa uku, ko bushewa bai yi ba.
"Nan ta kwana," ya ce,
ya share ido da bakin riga,
wai hayaƙi ne.

Na duba gabas da yamma,
babu mai wuta.