Ramin da Aka Tona a Gindin Kufena

Jatau mai gadi ya ɗage igiya,
ya ce, "Taka a hankali, ɗaki ne."
Ni dai rami na gani,
an shata shi da ƙusa da zare
kamar tela ya auna ƙasa zai ɗinka.

Taki huɗu na sauka,
kowane taki wai shekara ɗari.
Ga dutsen niƙa, cikinsa ya lotsa,
hannun da ya cinye shi ko suna babu.
Ga kasko an liƙa masa lamba.
Ga kashin maƙera, ya ƙi ruɓewa.

"Nan suke yanka," in ji shi,
ya nuna wani falalen dutse da leɓe.
Wa suke kira? Ya ɗaga kafaɗa.
Me suke roƙo?
"Ruwa mana. Haihuwa. Kada maƙiyi ya hauro."

Na yi shiru.
Jiya bayan isha'i abin da na roƙa ke nan.

A bakin wani tsingaro
akwai shatin babban yatsa.
Na ɗora nawa, ya zauna daram.

Can wajen Wusasa aka kira la'asar.
Ƙadangare ya gyaɗa kai bisa dutsen,
Jatau ya mayar da igiya.