Tambayar da Ta Makara

A El Alto ko iska da mudu ake auna ta,
kowa da ɗan rabonsa a huhu.
Innata, Remedios Apaza,
shekara talatin tana kasa busasshen dankali
a kasuwar Alhamis,
hularta a karkace, ba ta taɓa faɗuwa ba.

Bana ta fara tsayawa a matakala ta tara.
Wai dutsen Illimani take kallo.
Dutsen da ta sani tun tana goye!

Likita Ticona ya ɗora ƙarfe a ƙirjinta,
ya daɗe yana saurare kamar mai laɓe,
sai ya tambayi abin da ba mu zo da shi ba:
"Kina da juna biyu, jininki ya taɓa hawa?"

Inna ta dube ni.
Ni ce juna biyun.

Ta ce, "Wata na bakwai takalmi ya ƙi ni.
Zoben aure sai da maƙeri ya yanka.
Ina ganin tartsatsi da rana tsaka,
kaina kamar ana daka.
Suka ciro ta bakwaini, ba ta kai ƙullin gishiri ba,
uwar tafiya ta biyo baya,
unguwarzoma ta ce: shi ke nan, kin haye.
Na ɗaure zane na koma kasuwa."

Likita ya rufe alƙalami.
Ya ce an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.
Ya ce ciki jarrabawa ce ta farko ga zuciya,
nata sakamakon ya fito tuntuni,
ba wanda ya karanta mata.

Mun dawo a keken da ke rataye a waya,
gari a ƙasanmu kamar an zubar da jan bulo.
Na ce, "Inna, ashe bashina kike biya."
Ta buge min hannu.
"Ke ɗan aike ce, Nayra.
Ɗan aike ba ya laifi.
Su ne ba su buɗe wasiƙar ba."

Yanzu ƙwaya biyu da safe, ɗaya da dare,
gishirin miya ta rage tana mita,
tana cewa likitan nan bai san daɗi ba.

Ni kuma wata biyar ke nan.
Abin da ya ci Doma, an ce, ba ya barin Awai,
don haka kowace Talata ina miƙa dantse,
robar ta matse, ta saki,
ina rubuta lambobin a bangon littafin bashinta,
ƙasa da sunan masu cin dankali ba su biya ba.

Jiya ta karɓi littafin, ta juya shi sama da ƙasa.
Ba ta iya karatu ba.
Ta ce, "Ajiye wa wadda ke ciki.
In mace ce, kada ta jira a tambaye ta."