Gona Marar Kunya

Daren jiya na yago takardar buhun siminti,
na shimfiɗa ta a gwiwa, na lashi bakin fensir,
na raba filin bayan Lamingo gida huɗu.
Baba Dalyop ya leƙo ta kafaɗata,
ya daɗe yana kallo, ya ce,
"Sabitu, ina kunyoyin?
Gona ba kunya, ai ta zama marar kunya."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na ce, Baba, ƙasar nan ta sha juyi.
Tun zamanin kuza ake farke mata ciki,
kakana na cikin masu ɗaukar kwano a ka.
Ga tafkunan da suka bari can,
idanu a buɗe, ba sa ƙiftawa.
Bara waccan ni ma na sa mata garma,
ruwan Yuli ya zo dare ɗaya
ya kwashe min ita, ja wur, ya zuba a tafki.
Da safe barewa bakwai suka tsaya bakin waya
suna kallona kamar masu bin bashi.

To bana ga lissafina.
Gidan farko wake, da ruwan Afrilu,
shi ne mai ajiye wa ƙasa guzuri a saiwa.
Na biyu acca. Na uku tamba,
in yafa yakuwa tsakani saboda mazo,
tsohon nan mai karyayyen ƙaho,
ba ya wuce ganye mai tsami.
Na huɗu ba na neman komai a wurinsa,
gyaɗa ta rufe shi, ya yi barci.
Baɗi kowa ya matsa gaba da taki ɗaya,
kamar 'yan adashi, kowa da ranar kwasarsa.

In kara ya bushe ba wuta, ba fartanya.
Duro zan cika da yashi, in mirgina a kai
har ya kwanta ya zama tabarma,
in bi da sungumi, sara ɗaya, ƙwaya uku,
in take da diddige in wuce.
Sauran aikin na gara ne da tana,
ma'aikatan da ba sa jiran ƙarshen wata.

Abin da ke hana ni barci shi ne shinge.
In na buɗe da wuri, su cinye waken yana jariri.
In na makara, ganye ya tsufa su yi masa tsaki.
Sai ya kai gwiwa. Gwiwar wa?
Tawa, ko ta 'yar gadar nan
da ke zuwa da asuba tana taka raɓa
kamar mai tsoron tada wani?

Garmar mahaifina na rataye a zaure,
tsatsa ta fara cin bakinta.
Duk sanda na wuce sai in sunkuyar da kai.
Shi da bai taɓa kwana da ciyawa a gona ba,
ga ɗansa yana shuka ta da gangan,
yana noma abin da ba za a kai rumbu ba.

Yau da hantsi muka zagaya filin.
Watan Maris, duwatsun Shere sun yi fari fat,
ko'ina ƙasa ta tsage kamar faso.
Baba Dalyop ya durƙusa inda na bar karan bara,
ya ɗaga shi, ya tura yatsa.
Sanyi. Danshi. Wata tana ta murɗa jiki ta shige.
Ya sunsuna yatsan. Bai ce na yi daidai ba.

Ya miƙo hannu, "Ba ni fensirin."
Ya soke accar daga inda na sa ta,
ya mayar da ita gefen tsakuwa.
"Mu muka san halinta," ya ce,
"ba ta son a yi mata gata."