Tsaga Mai Numfashi

Ƙarfe takwas na dare a Sheffield,
ruwa na tsiyaya a tagar ɗakin gwaji.
Na ɗaure sandar ƙarfe a bakin injin girgiza,
na ba ta kaɗawa hamsin a daƙiƙa,
ba ƙari, ba ragi.

Lafiyayyen ƙarfe ɗan amana ne:
ka ba shi hamsin, ya mayar maka da hamsin,
ka ninka ƙarfi, ya ninka amsa.
Wannan kuwa?
Ga hamsin a allo, tsaye kamar giginya,
amma ga ɗari ta leƙo a gefe,
ga ɗari da hamsin can baya, 'yar tsurut,
baƙin da ban gayyata ba.

Ackroyd, tsohon makanikenmu, ya ajiye shayi,
ya ce waya ce ta saki. Na duba. Ba waya ba ce.
Na haɗa mata biyu, hamsin da saba'in,
sai ta haifi ashirin, ta haifi ɗari da ashirin,
lissafin da ban koya mata ba.

Nan na tuna Gwaggo Tabawa
a gaban tukwanen Dawakin Tofa.
Ba ruwanta da ja, ba ruwanta da zane;
da zoben azurfa take ƙwanƙwasawa,
ta karkata kunne, ta runtse ido ɗaya.
"Wannan muryarta biyu."
Mai tukwane ya rantse, ya sake rantsewa.
Ita dai ta yi gaba.

Shekara huɗu ke nan ina tankaɗe girgiza
kamar gari a rariya,
tsaki gefe, laushi gefe,
don in kai inda kunnenta ya kai daga tsaye.

Akwai tsaga a cikin sandar nan.
In an ja ta buɗe, in an matsa ta rufe.
Taɓa ta a hankali, za ta ce maka lafiya lau;
sai an ƙara ƙarfi take faɗin gaskiya.

Ɗazu na kira gida.
Na ce, "Baba, ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi."
Amsar kullum, muryar kullum.
Sai dai a ƙarƙashinta na ji wata 'yar ɗari ta leƙo,
ni kuma ban ƙara ƙarfin tambaya ba.

Na kashe injin.
Sandar ta ɗan ci gaba da rawa ita kaɗai.
Ackroyd na laluben makulli a aljihu,
ni ina duba kuɗin jirgin Kano.